Godiyar Mutanen Unguwarmu Bayan Ambaliyar Agusta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin cigaban unguwarmu da gidajen da ruwa ya shiga a daren Larabar nan ta watan Agusta nake rubuta wannan godiya. Mai Unguwa ya riga ya yi ta baki bayan sallar Juma'a, sai dai da yawa daga waɗanda suka tsaya mana ba a masallacinmu suke salla ba, wasu ma ba mu san inda za mu same su ba. Yaba kyauta tukuici.

Godiya ta farko ta Allah ce, da bai nufi an rasa rai ba. Katangu sun zube, ɗakuna sun rufta, hatsi ya jiƙe, katifu da littattafan yara sun lalace, amma da gari ya waye aka duba, kowa yana nan.

Wanda bai san unguwar ba zai yi mamakin yadda ruwan dare ɗaya ya yi irin wannan ɓarna. Mu a bayan gari muke, kudu da birnin Kano, ɓangaren da ruwan sama yake gangarawa ya nufi kogin Challawa. Unguwa ce ta awon igiya. Gonaki ne aka yayyanka aka sayar fuloti-fuloti, kowa ya ja gininsa har bakin iyaka, ba a bar wa lambatu wuri ba. Abin da ya rufa mana asiri shekara da shekaru shi ne kududdufin ƙasan layin makaranta, wanda mutanen farko suka haƙa garin ɗiban ƙasar gini. Duk ruwan unguwa can yake taruwa. To an yi ta cike shi da shara da ɓaraguzai, ana ci daga gefe ana dasa bulo, har ya tsuke. Hanya ɗaya da ta rage wa ruwa ita ce kwalbatin bakin titi, shi kuwa tun bara yake a toshe. Da ruwa ya zo ya rasa mafita, sai ya juyo cikin gidaje.

Samarinmu, Allah ya yi muku albarka. Ku ne ake yi wa faɗa kullum kan zaman majalisa da kallon ƙwallo, ku ne kuma kuka fito cikin duhu da fitilar waya, kuka ɗaura igiya daga darbejiyar ƙofar masallaci zuwa ƙofar ƙarfen Islamiyya, mutane suka riƙa kamawa suna tsallakawa. Akwai tsohuwar da ba ta iya tafiya, ɗayanku ya goya ta kamar jaririya, ruwa har ƙugunsa, tana ta sa masa albarka yana cewa, "Iya, riƙe ni da kyau dai." Mun gani.

'Yan garuwa ma sai mun ambace su daban. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga Nijar, ba gida gare su a nan ba, a shago suke kwana. Suka sauke jarkokinsu, suka mai da kurarsu abin ɗaukar yara da buhunan masara, suna turawa zuwa tudu har asuba. Da aka miƙa musu ɗan abin shan koko, babbansu ya mai da hannu baya, ya ce a ba waɗanda ɗakinsu ya faɗi.

Muna godiya ga ma'aikacin kamfanin wuta da ya ɗaga waya a tsakiyar dare ya sa aka katse layinmu. Turke ɗaya ya riga ya karkata, waya tana lilo dab da ruwan da mutane suke ratsawa. Malaman Islamiyya sun buɗe ajujuwa aka kwana, har suka ɗage karatu na 'yan kwanaki. Iyayenmu mata na layin tudu, waɗanda ruwan bai taɓa gidajensu ba, su suka ɗora tukwane tun kafin a roƙe su, koko da ƙosai da safe, dafa-duka da rana, sannan suka tattaro zannuwa da kayan yara. Wata Hajiya ta kwashe matan gida biyu da 'ya'yansu ta ajiye a sashenta, kuma ta hana a faɗi sunanta. Mun bar ta da Allah.

Sai batun rijiyoyi, wanda mu kanmu bai zo ranmu ba a lokacin. Wani maƙwabcinmu ɗan Maiduguri, wanda danginsa suka ga ambaliyar Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, shi ya tsaya kai da fata cewa kada kowa ya sha ruwan rijiya. Ya ce ciwo ba ya zuwa sai ruwa ya janye. Gaskiyarsa ce, domin shaddodi sun cika sun tumbatsa, kuma a irin filayenmu tsakanin shadda da rijiya taku kaɗan ne. Jami'ar lafiya daga asibitin sha-ka-tafi ta zo da abokan aikinta, suka bi gida-gida suna zuba sinadarin kulorin. Ta tara mata a tsakar Islamiyya ta ce a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, kuma duk wanda ya fara amai da gudawa a kai shi asibiti nan take, ana ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya. Ta nuna haɗin a gabansu: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Ba ta tafi ba sai da ta sa wasu suka haɗa da hannunsu. Malama, mun gode. Alƙawarin da kika sa muka ɗauka na kwana cikin gidan sauro ma muna kan cikawa, don sauron bana ba dama.

Ranar gayyar yashe kwalbati kuwa, wanda bai zo ba an ba shi labari. Magidanta suka naɗe wando suka shiga da shebur da diga, yara suna jigila da baro. Abin da aka zaƙulo daga cikin wannan bututu ya isa a yi wa'azi da shi: ledojin fiya wata damtse-damtse, robobin lemo, famfas ɗin jarirai, tayar babur, har da katifa sukutum. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu aiken almajiri da shara da zarar hadari ya haɗu, a ce ya juye a lambatu ruwa ya tafi da ita, ga inda take tsayawa. Ba ta zuwa Challawa, ɗakin maƙwabcinku take komawa.

Wani dattijon birkila a cikinmu ya leƙa bututun bayan an yashe, ya ce ko an share shi kullum ya yi wa unguwar kaɗan, tun ana gidaje ƙalilan aka sa shi. Shawararsa ita ce a zuba mai faɗi da rodi da kankare, a sa ragar ƙarfe a bakinsa ta riƙa tare leda. Ya auna, ya rubuta kayan da ake buƙata, ya ce kuɗin hannunsa sadaka ne. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Kansilanmu ya zo da kansa ya zagaya, ya kuma taimaka aka samu katafila da tifa suka kwashe tulin da muka fitar, wanda da an bar shi a bakin titi ruwa na gaba zai mai da shi inda ya fito. Direbobi da ma'aikatan kwashe shara sun yi aiki har bayan Magariba. Mun gode ƙwarai. Sai dai ba za mu ɓoye ba, tun kafin damina muka kai takarda wani ofishi kan wannan kwalbati, aka buga mata hatimi aka ce mu saurara, muna nan muna saurare. Buƙatunmu ba su canja ba: kwalbati, wurin zuba shara da mota za ta riƙa zuwa ɗauka, da kuma a dakatar da cike abin da ya rage na kududdufin.

'Yan unguwa mazauna Abuja da Legas da Saudiyya da suka turo gudummawa, da 'yan kasuwar da suka ba da siminti da kwano, saƙonku ya iso. An fara da gidajen zawarawa da marayu, bisa shawarar Liman. Ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe ranar Juma'a bayan Isha'i a ƙofar gidan Mai Unguwa, za a kuma liƙa takardar a allon masallaci don kowa ya duba. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da abin da ya fi, ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.

Gayya ta gaba ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ce, lokacin tsaftar muhalli, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kuma daga layin makaranta za a fara. Akwai baro ɗaya da shebur biyu da aka aro ranar yasa, har yanzu masu su ba su zo ba. Suna zauren Mai Unguwa.

Wassalam.
Sakataren kwamiti