Ɓawo kala-kala

Asabar. Wanki da safe, kasuwa kafin azahar, lemon tsami ya yi tsada.

Bayan la'asar Auta ta shigo kicin da wayarta, wai kek za mu yi, kuma da Turanci aka rubuta yadda ake haɗa shi. An ce a saka zest na lemon tsami. Ta ɗauki wuƙa za ta daddatsa ɓawon gaba ɗaya, na ce tsaya tukuna. Zest saman nan ne kawai mai kore, inda man ƙamshin yake. Farin da ke ƙarƙashinsa pith suke ce masa, shi ke kawo ɗaci. Na goga mata a abin gogar kuɓewa, yatsuna suka yi maiƙo, ƙamshi ya cika kicin.

Daga nan fa tambaya ta ɓarke. To peel fa? Na ce shi ne wanda ake ɓarewa a yar, na ayaba ko na dankali. Rind mai kauri ne da tauri, irin na kankana, har ɓawon cukun Turawa haka suke kiransa. Skin kuwa siriri ne, ana iya cinye shi, kamar na tumatir da inabi. Lemo ne ɗan gata, peel da rind duk sun hau kansa. Rigar masara husk, na gyaɗa da ƙwai shell.

Sai ta ce, "Yaya, ashe Hausa ba ta da kalmomi. Mu komai ɓawo."

Umma na bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke, ayaba ferewa kike yi? Doya fa, ɓarewa ake?" Ta lissafo mata: citta a kankare, gero a sussuke a sheƙe ƙaiƙayi, a surfa a fitar da dusa. Mu a hannun mai aikin bambancin yake.

Auta ta tambayi bambancin ƙaiƙayi da dusa. Da gaske take, ba ta sani ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai har yanzu. Yarinya mai wayo, a gidan nan ta tashi, amma garin inji kawai ta sani, ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Kalmomin suna nan, aikin ne ya bar gidanmu. Na ji ba daɗi sosai, har Umma ta tambaye ni ko kaina ke ciwo.

Kek ya tashi. Na ce wa Umma gobe kada a kai geron kunu inji, a fito da turmi.