Zana Kogin Kafin Ka Buɗe Littafin: Yadda Na Karantar da Tafiyar Huck da Jim

Littafin Mark Twain, Adventures of Huckleberry Finn, ya fito a Ingila a ƙarshen 1884, a Amurka kuma a farkon 1885, yana da babi 43. Labarin Huck ne, yaro farar fata da ya gudu daga gida, da Jim, bawa baƙar fata da ya tsere, suna tafiya tare a kan kogin Misisifi. Na karantar da shi ga matasa masu shirin shiga jami'a, waɗanda Turancinsu na aji ne, kuma kayan aikin da ya fi yi mini amfani shi ne farar takarda da fensir.

Kafin a karanta ko layi ɗaya, kowa ya zana taswira da hannunsa. Layi ɗaya ya sauko daga arewa zuwa kudu, shi ne kogin Misisifi. Layi na biyu ya taho daga gabas ya faɗa cikinsa, shi ne kogin Ohayo. A mahaɗarsu a ɗiga garin Cairo, can ƙurewar kudancin jihar Ilinoi. Wanda ya san Lokoja, inda Binuwai ke zuwa daga gabas ya gamu da Neja su gangara teku, ya riga ya gane siffar wurin. Sai a sa Hannibal a sama, garin da Twain ya tashi, wanda ya kira St. Petersburg a littafin, sannan St. Louis a ƙasa da shi. Daga nan a shafe jihohin da doka ta yarda da bauta: Misuri a yammacin kogi, Kentucky a kudancin Ohayo, da gaɓa biyun Misisifi daga Cairo har New Orleans, inda babbar kasuwar bayi take. Ilinoi da Indiyana da jihar Ohayo a bar su fari. A kusurwar takarda a rubuta shekaru: marubucin ya ce labarin ya faru shekara 40 zuwa 50 kafin fitowar littafin, wato wajen 1835 zuwa 1845, an kuma soke bauta a Amurka a 1865.

Da zarar an gama zanen, tambaya ɗaya ce ke fitowa: tunda Ilinoi na tsallaken ruwa, me ya hana Jim ninƙaya ya huta? A nan ake kawo dokar 1793 wadda ta bai wa ubangida damar bin bawansa ya kamo shi ko a jihar da babu bauta. Ga kuma ladan dala 300 da aka sa a kan Jim, kuɗin da zai sa duk mai zaune a gaɓa ya zuba ido. Jim ya gudu ne don ya ji uwargijiyarsa, Miss Watson, na shirin sayar da shi dala 800 a kai shi New Orleans.

Abin hawansu ma sai an tsaya a kansa. Gungumen katako ne da aka ɗaure wuri guda, faɗinsa ƙafa 12, tsawonsa ƙafa 15 ko 16, ba inji, inda ruwa ya nufa nan yake zuwa. Da rana sukan ɓuya, da dare su yi tafiyar awa bakwai zuwa takwas, ruwa na jan su fiye da mil huɗu a awa. Nakan sa ɗalibai su yi lissafin da kansu: kusan mil 30 kowane dare, kuma duk kudu. Dabararsu ita ce su kai Cairo, su sayar da katakon, su hau jirgin ruwa mai tururi ya haura da su Ohayo zuwa jihohin 'yanci. Ke nan dole su gangara kafin su hau, kuma ƙofar guda ɗaya ce.

A babi na 15 hazo ya rufe kogi. A na 16 gari ya waye suka ga garai-garan ruwan Ohayo a gefe, da ruwan laka na Misisifi a tsakiya, suka san sun wuce. Kwalekwalen da za su iya komawa baya da shi ya ɓace, jirgin tururi kuma ya banke katakonsu. Wanda ba shi da taswira yakan wuce wurin nan yana jiran abin dariya na gaba. Mai taswira yakan ɗora yatsa a kan takarda ya ga cewa daga yau kowane dare yana ƙara kusantar da Jim ga kasuwar da ya guje wa. Saura babi 27, kuma duk a cikin wannan halin ake karanta su.

Girman Huck a wurare uku yake fitowa, kuma a nan ɗalibai suka fi yin kuskure. Na farko, ya yi wa Jim wasan ƙarya bayan hazo, Jim ya nuna masa zafin abin, ya je ya ba shi haƙuri. Na biyu, ya tashi da niyyar tona asirin Jim, ya gamu da mutum biyu masu farautar bayi, sai ya bar su suka ɗauka cewa masu cutar agana ne a kan katakon, suka ja baya. Na uku a babi na 31, bayan wani mayaudari ya sayar da Jim dala 40, Huck ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa, ya riƙe ta yana tuna zamansu a kan ruwa, ya yayyaga. Kusan kowa yakan rubuta cewa a nan Huck ya gane bauta zalunci ce. Bai gane ba, har ƙarshen littafin. Ya yi imani cewa taimakon Jim sata ce, zunubi ne mai kai mutum wuta, kuma da wannan imanin ya yaga wasiƙar. Maganin kuskuren shi ne a raba shafi biyu, a rubuta abin da Huck ya faɗa a hagu, abin da ya aikata a dama. In an jera su, ɗalibi zai ga tarbiyyar garinsu na jan yaron gefe guda, zuciyarsa na jan sa wani gefen, shi kuma bai san wanne ne mai gaskiya ba. A ganina wannan ya fi duk abin da ke littafin nauyi.

Harshen yana da wuya a farko, domin Twain ya rubuta magana yadda take fita daga baki, musamman ta Jim, kuma ƙamus ba ya da waɗannan kalmomin. A karanta da murya, kunne zai kama abin da ido ya kasa. Babi biyu sun isa a zaman farko-farko, daga baya a kai biyar. Akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata da ta zo fiye da sau 200. Tun ranar farko na bayyana asalinta, muka yi yarjejeniya ba za a furta ta ba.

Bayan babi na 16 nakan rufe littafin. Twain kansa ya ajiye rubutun kusa da nan, a cikin babi na 18, a 1876, bai kammala ba sai 1883. A wannan hutun muke ɗaukar tarihin rayuwar Frederick Douglass na 1845, gajere, babi 11. Dalili kuwa, Jim ta idon yaro farar fata muke ganinsa, Douglass kuwa da bakinsa yake magana. An haife shi bawa a Maryland wajen 1818. A Baltimore matar gidan, Sophia Auld, ta fara koya masa haruffa, mijinta ya hana, shi kuma ya ci gaba da bai wa yaran talakawan fararen fata burodi suna ƙara masa karatu a titi. A babi na 8, ana mayar da shi ƙauye cikin jirgi, ya zuba ido ya ga jiragen da ke zuwa Philadelphia suna karkata arewa maso gabas, ya riƙe wannan a ransa. A na 10, yana ɗan shekara 16, ya yi kokawar kusan awa biyu da Edward Covey, mutumin da ake kai wa bayi don ya karya musu zuciya, kuma Covey bai sake dukansa ba. Ya gudu ranar 3 ga Satumba 1838, amma ya ƙi faɗin hanyar, don kada a toshe ta ga na baya ko a kama masu taimako. Sai a littafinsa na 1881 ya bayyana: jirgin ƙasa daga Baltimore, kayan matuƙin jirgin ruwa, takardun aro, ya isa New York cikin ƙasa da awa 24.

In an koma ga Huck bayan wannan, karatun yakan sauya. Daga babi na 33 Tom Sawyer, abokin Huck, ya iso gonar Phelps inda ake tsare da Jim, ya mayar da kuɓutar da Jim wasan yara, alhali ya san Miss Watson ta rasu kuma ta 'yanta shi a wasiyyarta. Waɗanda suka karanta Douglass ransu yakan ɓaci a nan, kuma suna da gaskiya. Ba na tsallake babin, amma ba na daɗewa a kansu, zama biyu ya isa. Nakan rubuta shekaru biyu a allo: 1877, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu, da 1883, lokacin da Kotun Ƙoli ta soke dokar kare haƙƙin jama'a ta 1875, wadda ta hana nuna wa baƙar fata wariya a wuraren jama'a. A cikin waɗannan shekarun aka rubuta labarin mutumin da doka ta 'yanta amma yana kulle a bukka.

Taswirar kada a jefar da ita, don littafi na uku a kanta yake tafiya. Richard Wright, marubuci baƙar fata wanda aka haifa kusa da Natchez a jihar Misisifi a 1908, ya ba da labarin tashinsa a Black Boy na 1945: yunwa, aikin ƙarfi a Memphis, aron katin laburare na wani abokin aiki farar fata tare da takardar da ya rubuta da sunan mutumin don a ba shi littattafai, sannan jirgin ƙasa zuwa Shikago a 1927. Layin dogo na Illinois Central da ya haɗa garuruwan biyu a Cairo yake tsallake Ohayo. Mai son tarihin wannan ƙaura ta baƙar fata daga kudu zuwa arewa da yammacin Amurka gaba ɗaya, ta kimanin mutum miliyan shida tsakanin 1915 da 1970, ya nemi littafin Isabel Wilkerson na 2010, The Warmth of Other Suns.

A duba bugu kafin a saya. Black Boy na 1945 ya tsaya ne a barinsa kudu; sashen Shikago an cire shi, ya fito daban a 1977, ba a haɗa su ba sai 1991, kuma a sashen ne ake ganin wahalar da ya tarar a arewa. Huckleberry Finn ma akwai bugun yara da aka taƙaita, ba ya wannan aikin. Wasu cikakkun bugu kuma suna da wani yanki a babi na 16 inda Huck ya yi iyo zuwa wani babban katako don ya ji ko sun wuce Cairo, wasu ba su da shi, saboda haka a tabbatar duk ajin bugu ɗaya ke hannunsu.