Sunan 'yar ƙanena

Ranar Asabar aka raɗa wa 'yar ƙanena suna Khaulatu. Da liman ya faɗa, sai da wasu dattawa a kan tabarma suka ce a maimaita. Kaf danginmu babu mai wannan suna, duk da yanzu ana ɗan jin sa a bakin 'yan Islamiyya.

Kafin a gama rabon goro da dabino har sunan ya rabu uku. Uban jaririya yana fito da "kha" ɗin daga maƙogwaro yadda ya koya a wajen malaminsa. 'Yan matan gidan suna cewa Kaulat. Inna kuwa da aka miƙa mata jikarta, ta rungume ta ta ce, "Haulatu, Allah ya raya ki."

Wani ya so ya gyara mata, ni na hana. Haka harshenmu ya saba tun kaka da kakanni: Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu, ba wanda ya ce an ɓata su.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar ta tashi ta san mai sunan. Khaulatu 'yar Sa'alaba ce, matar Ausu ɗan Samit, wadda ta kai kukanta ga Manzon Allah (SAW) lokacin da mijinta ya yi mata zihari, wato ya haramta wa kansa ita ta hanyar kwatanta ta da mahaifiyarsa, Allah ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kanta. Mace ce da ba ta yi shiru a kan haƙƙinta ba.

Na dai roƙi ƙanena ya tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, don kada gobe takardun makarantarta su saɓa wa juna.