Yadda Na Ci Galaba a Kan Elite Four Bayan Faɗuwa Uku

Sau uku ina faɗuwa a Indigo Plateau, inda ake karawa da Elite Four, wato gwanaye huɗu na ƙarshen wasan Pokémon, sannan da zakaran gasar, kafin in gane cewa matsalata ba ta cikin ɗakin faɗa, tana cikin shirin da nake yi kafin in shiga. Wasan da nake magana a kai shi ne Pokémon FireRed, wanda ya fito a 2004, kuma ina buga shi ne a kan wata tsohuwar Game Boy Advance da yayana ya bar mini a gidanmu da ke Gwammaja, galibi bayan sallar isha, lokacin da gida ya yi tsit.

Tun daga farkon wasan na ɗauki Charmander, dodon wuta, na kuma ɗora masa duk nauyin tafiya har ya zama Charizard mai ƙarfi, alhali sauran dodannina biyar suna can baya kamar 'yan rakiya. Lorelei, ta farko a cikin gwanayen huɗu, ita ce ta fara nuna mini kuskurena. Ana kiranta gwanar ƙanƙara, sai na zaci wuta za ta narkar da ita, ashe huɗu daga cikin dodanninta biyar, wato Dewgong da Cloyster da Slowbro da Lapras, na ruwa ne. A karo na biyu na tsallake ta da ƙyar, sai duwatsun Onix na Bruno, gwani na biyu, suka gama da Charizard, domin harin dutse yana yi masa illa ninki huɗu. A karo na uku na kai wurin Agatha, gwana ta uku, da harin girgizar ƙasa na Earthquake, ina ganin dodanninta masu guba ba sa jure harin ƙasa, amma Gengar da Haunter suna shawagi ne, Golbat kuma mai tashi ne, saboda haka Arbok kaɗai harin ya taɓa.

Ƙanena, wanda yake zaune kusa da ni a kan tabarma yana leƙen allon, ya ce: "Yaya, ai kamar tafiya ce ba guzuri." Gaskiya ya faɗa. Da zarar ƙofar farko ta rufe, babu komawa asibitin dodanni sai an gama da mutum biyar a jere, kuma wanda ya faɗi zai koma farko bayan an zabge masa kuɗi.

Sai na koma baya na yi kusan mako biyu ina gyara. Na ɗauko Lapras ɗin da aka ba ni kyauta a ginin Silph na birnin Saffron, wanda na jima da mantawa da shi a cikin ajiya, na raine shi har ya koyi harin ƙanƙara na Ice Beam. Eevee na birnin Celadon kuwa na mai da shi Jolteon mai lantarki, na nemo masa harin Thunderbolt da sulallan gidan cacar wasan 4,000, waɗanda na saya da kuɗin wasan kai tsaye ba tare da na kusanci na'urorin caca ba. Kadabra ya samu Psychic, kuma shi kaɗai ya isa ya share Agatha, tunda duk dodanninta masu guba ne. Har wa yau shi ne ya rage mini wahalar Machamp na Bruno. Na yi ta kai-komo a Victory Road, kogon da ke kan hanyar Indigo Plateau, har kowa ya haura mataki na 50. Ban ga amfanin wuce haka da yawa ba, domin sanin raunin abokin karawa ya fi tarin mataki aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun ƙarewar hare-hare. Ana sayar da Full Restore mai warkarwa da Revive mai farfaɗarwa a bakin ƙofa, amma ba a sayar da Ether, mai dawo da harin da ya ƙare, a kanti, don haka na tattara 'yan kaɗan da na tsinta a hanya na adana su. Na kuma daina ɓata Ice Beam, mai amfani goma kacal, a kan abokin karawar da harin ruwa na Surf zai iya kayarwa, kuma nakan warkar da kowa in adana wasan kafin in taka kowace ƙofa.

A daren da na yi nasara an ɗauke wuta, muna zaune da fitila a tsakar gida. Gyarados na Lance, gwani na huɗu, ya faɗi da Thunderbolt ɗaya, Dragonite mai mataki na 60 kuma bai jure ƙanƙarar Lapras ba. Faɗan ƙarshe da abokin hamayyata, wanda shi ne zakaran gasar, ya fi tsanani, domin dodanninsa shida ne kuma jinsinsu daban-daban. Alakazam ɗinsa ya kayar mini da biyu, kuma da Blastoise, dodon ruwa mai mataki na 63, ya fito, Jolteon na kwance. Na tura Charizard ya tsaya gaban ruwan, ina sane da cewa zai faɗi, don kawai in samu damar farfaɗo da Jolteon. Hannuna na rawa na danna Thunderbolt sau biyu. Ƙanena ya yi wata irin kabbara da ta sa Umma ta leƙo daga ɗaki tana tambayar ko lafiya.