Yoyon fitsari: inda naƙuda ke daɗewa da wanda ke riƙe da izini

Yawancin yoyon fitsari doguwar naƙuda ke jawo shi. Kan jariri ya maƙale, yana danne mafitsara da farji a jikin ƙashin ƙugu. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan kwana uku zuwa goma sai ya zube ya bar rami. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai.

Masu bincike kan lafiyar mata sun daɗe suna nuna cewa jinkirin daga gida yake farawa. Mace na durƙushe tun asuba, maigida yana gona ko ya tafi ci-rani Kano, uwar miji ta ce a ƙara haƙuri, a ba ta rubutu. Sai an sami mai ba da izini da kuɗin amalanke ko kabu-kabu. Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta kusan shekara 20 da suka wuce, amma kuɗin hanya yana nan, kuma ba a hannun matar yake ba. Yarinyar da aka aurar ƙugunta bai gama buɗewa ba, ta fi kowa shiga hatsari.

Naƙuda ta wuce awa 12, a tafi likita. In yoyon sabo ne kuma ƙarami, robar fitsari ta makonni kaɗan kan rufe shi. In ba haka ba sai ɗinki, kamar yadda ake yi a asibitin Danja kusa da Maraɗi tun 2012. Bayan ɗinki babu kwanciyar aure aƙalla wata uku, haihuwa ta gaba kuma tiyata.