Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Wai direba ne kawai

Salamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce na tsaya inda muka gama tirenin a Depot Zariya, makarantar horar da kuratan soja, aka tura ni ɓangaren sufuri. To kafin in ci gaba bari in fidda abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ranar sunan jikan Baffa a Kaura Namoda, gaban kowa, wani ɗan uwana ya ce wai ai ni ba soja ba ne, direba ne kawai. Ban tanka ba don Inna na zaune, amma wallahi har gobe abin na raina.

Tsohon sajen da ya koya min aiki kullum cewa yake, yaro, bindiga ba harsashi sanda ce. To wa ke kai harsashin? Mu ne. Kafin a loda sai an ƙirga akwatuna gabanka ka sa hannu, in ka isa a sake ƙirgawa, guda ya ɓace to sai gadurum. Ba taba ba ashana, jar tuta jikin mota, abin kashe gobara kusa da hannunka, kuma a kwamba dole ka bar tazara da motar gabanka don in ɗaya ta kama kar ta ja sauran. Ka taso Kaduna ka biyo Zariya, Funtuwa, Tsafe har Gusau cikin zafin bazara, tsohuwar motata ƙirar Steyr na tafasa kai ma kana tafasa, tsayawa cikin gari babu hali, ko sallah sai an faka nesa da mutane, wasu na gadi wasu na yi.

Ranar 27 ga Janairu 2002 da ma'ajiyar makaman barikin Ikeja a Legas ta tashi, a rediyo na ji, sama da mutum 1000 suka rasu, mafi yawa cikin ruwan Oke-Afa suka faɗa suna gudu. Daren nan ban runtsa ba, maganar saje kawai ke dawo min. Irin kayan nan nake zama da su bayan ƙeyata wuni guda, shi kuwa mai cewa direba kawai, ko tayar mashin ta fashe kusa da shi sai ya zubar da takalmi.

Inna dai ta sani, Allah Ya jiƙanta, duk tafiya sai ta yi min sadakar ƙosai. Sati mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin ranar da tayata ta yi faci bayan Tsafe gab da magariba.