Sati na shida da sashiko, na warware rabin aikina

Salam 'yan uwa masu koyon sashiko, ɗinkin hannun nan na Japanawa. Wancan ƙyallen da na ce zan gama kafin Juma'a, to ban gama ba, warware shi ma na yi jiya da daddare ina ta ƙunƙuni ni kaɗai.

Zanen asanoha nake yi, mai kama da taurari ɗin nan, ganyen wata shuka ce da Japanawa ke kira asa wadda suke saƙa tufafi da zarenta, kamar dai yadda muke cire zare a jikin rama. A kayan jarirai suka fi sa shi saboda shukar tana saurin girma kuma a miƙe take fitowa. Na zana da alli da rula a kan yadin da aka rino min a marinar Ƙofar Mata, kuma wallahi farin zare a kan rininmu na baba ya zauna ɗas, su ma ai da baba suke rini, aizome suke ce masa.

Matsalar daga hannuna take. Na saba da ɗinkin hula inda ake jan zare ya kama sosai, sai na zo da wannan hannun nan, ina ja ina ja, ban ankara ba sai da na shimfiɗa ƙyallen a kan tabarma na ga duk ya tattare kamar bakin zanin da aka tsuke. Ashe duk layin da ka gama sai ka bi shi da yatsa biyu ka shafe zaren ya saki jiki, kuma in za ka yi kwana ka bar ɗan sako-sako ta baya. Sannan a tsakiyar tauraron inda layuka suka haɗu ba a bari ɗinki ya hau kan ɗinki, fili ake bari ɗan mitsitsi. Nawa kam cunkus, kamar mahaɗar titi ranar kasuwa.

Ina warwarewa ina tuna waɗanda suka fara abin nan, ba don ado suka yi ba fa. A zamanin Edo na Japan, 1603 zuwa 1868, can arewa wajen Aomori sanyi ba ya barin auduga ta yi, a yankin Tsugaru ma har doka aka sa a 1724 da ta hana manoma sa tufafin auduga, ga dusar ƙanƙara ga rigar asa da iska ke ratsawa, sai mata suka riƙa cike ƙofofin saƙar da zare ɗaya bayan ɗaya don riga ta yi kauri ta riƙe ɗumi. Shi ne ɗinkin da suke ce wa kogin, ƙirga zare suke yi 1, 3, 5, 7. Riga in ta mutu a ɗora faci kan faci, jika ya gaji ta kaka, boro ke nan. Ni kuwa yadi sabo fil, ga fanka a kaina, amma ina mita.

Abu ɗaya da ya fara zama shi ne unshin, wato yadda ake tafiyar da allura a ƙyalle. Zoben nan mai ɗan faranti da ake sawa a gindin yatsan tsakiya, da farko cire shi nake yi don yana damuna, yanzu na gane allurar jingina take a jikinsa, ƙyallen ne hannun hagu ke kaɗawa sama da ƙasa yana hawa allura. Ina tara ɗinki bakwai kafin na zare, a da uku ne.

Waɗanda ke amfani da zaren hula maimakon na sashiko, sili nawa kuke haɗawa? Na gwada huɗu yana ta rabewa a hancin allura.